Yadda Za Ka Auna Daidaiton Agogonka Mai Wani Kafin Ka Kai Shi Wurin Gyara

Mutum zai sayi agogon Rolex ko Omega mai wani, wato wanda ake wanawa maimakon sa masa batir, da kuɗin da ya isa ya sayi fili a bayan gari, ya ɗaura shi wata guda, sai ya tarar ya riga wayarsa da minti biyu, alhali ɗan Casio mai batir da yaronsa ya saya a Babbar Kasuwar Katsina bai kauce ko da rabin minti ba. Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne an yi masa sakiyar da ba ruwa, an haɗa shi da jabu. Sau da yawa ba haka ba ne, kuma gaggawar kai agogon a buɗe shi tana iya jawo ɓarnar da ta fi minti biyun nan tsada. Kafin a yanke wa agogo hukunci sai an auna shi, awon kuma mai agogon ne da kansa zai yi a gida, da littafi da biro da haƙurin mako biyu.

Dalilin da ya sa mai batir ya fi riƙe lokaci a fili yake. A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz mai kaɗawa sau 32,768 a kowane sakan, kuma tun da kamfanin Seiko ya fitar da Astron a Disambar 1969 agogo mai wani bai sake kama ƙafar mai batir a wannan fage ba, domin mai batir na gama-gari kan kauce da kamar sakan 15 ne a wata. Shi kuwa mai wani ba shi da lantarki ko kaɗan. Babban sifirin da ke naɗe a cikinsa ne ke tura jerin ƙafafu masu haƙora, su kuma su kai ƙarfin ga wani ɗan zobe mai lilo, wanda siririn sifirin mai kaurin gashi ke mayar da shi baya duk sa'ad da ya juya. Kai-komon wannan zobe shi ne lokacin. A yawancin agoguna masu tsada na yanzu zoben yana bugu 28,800 a awa, wato takwas a sakan, ko 691,200 a yini da dare. Rana tana da sakan 86,400, saboda haka agogon da ya kauce da sakan 6 ya yi kuskuren ɗaya cikin 14,400 ke nan, kuma ya yi hakan ne yana ɗaure a hannun mutumin da ke tuƙi, yana gaisawa da jama'a, yana shiga rana yana fita.

Fara da sanin alkawarin da aka yi maka

Ba za ka ce agogo ya saɓa ba sai ka san abin da masu ƙera shi suka ɗauka wa kansu. Hukumar COSC ta ƙasar Suwizalan, wadda aka kafa a 1973, tana gwada injin agogo na tsawon kwana 15, a yanayin ajiya biyar da matakan zafi uku, wato digiri 8 da 23 da 38 a ma'aunin Salshiyos. Injin da matsakaicin tafiyarsa ya tsaya tsakanin lattin sakan 4 da saurin sakan 6 a rana shi ne ke samun takardar shaida. Abin lura shi ne injin tsirara ake gwadawa, kafin a sa shi cikin gidansa. Wasu kamfanoni sun ƙara nasu sharaɗin a kan wannan. Rolex tun 2015 yana alkawarin sakan 2 gaba ko baya a rana bayan an haɗa agogon gaba ɗaya. Omega, ta hanyar gwajin hukumar awo ta Suwizalan mai suna METAS da aka fara a 2015, yana alkawarin daga sifili zuwa saurin sakan 5, ba a yarda da latti ba sam. Patek Philippe da ya kafa hatiminsa a 2009, a wancan lokacin ya sa iyakar lattin sakan 3 da saurin sakan 2 ga manyan injinansa, Grand Seiko na Japan kuma lattin 3 da saurin 5, bayan gwajin kwana 17 a yanayin ajiya shida. A ɗaya ɓangaren, injin 4R da ke cikin Seiko 5 na yanzu, irin wanda ake yawan yo tsarabarsa, an yarda ya yi saurin sakan 45 ko lattin 35 a rana, ba tare da an ce ya lalace ba.

Duba takardun agogonka ka rubuta nasa adadin a shafin farko na littafinka. Sannan ka yi ɗan lissafi: agogon da ke saurin sakan 5 kullum zai tara sakan 35 a mako, minti biyu da rabi a wata, kuma bai saɓa wa COSC ko METAS ba.

Abin da za ka gwada da shi

Agogon bango na falo ko na masallaci ba ma'auni ba ne, haka ma lokacin da ake faɗa a rediyon intanet ko talabijin na tauraron ɗan'adam, domin sautin kan iso da jinkirin sakanni. Yi amfani da wayar da aka saita ta ɗauki lokaci daga layin sadarwa da kanta, ka buɗe wata manhaja ko shafin intanet mai nuna sakan, irin su time.is. Ka tsaya a kan ma'auni ɗaya har ƙarshen awon. Nijeriya tana gaban lokacin duniya na UTC da awa ɗaya duk shekara, ba a sauya shi da rani ko damina, don haka babu abin da zai rikita maka lissafi ta wannan gefen.

Wani da saiti

Cire agogon daga hannunka tukuna, domin wana shi yana ɗaure kan lanƙwasa ɗan sandan da ke riƙe da maɓallin wani. Idan maɓallin mai zare ne, irin na Rolex Oyster da agogunan ninkaya, warware shi a hankali har ya saki. Agogo mai wana kansa ka juya masa maɓallin sau 30 zuwa 40. Ba zai yi masa yawa ba, don sifirinsa yana zamewa idan ya cika. Wanda ake wanawa da hannu kawai kuwa, da ka ji ya yi tauri sai ka tsaya, kada ka matsa.

Jira hannun sakan ya iso kan 12, ka ja maɓallin har ƙarshe, hannun zai tsaya. Saita minti ɗaya gaba da wayar, da sakan ɗin wayar ya cika sai ka tura maɓallin ciki, ka mayar da zaren ka ɗaure. Wasu tsofaffin injina ba sa tsayawa idan an ja maɓalli. Wannan ba matsala ba ce, domin abin da kake nema shi ne yadda tazarar ke sauyawa daga yau zuwa gobe, don haka ka rubuta tazarar da ka fara da ita kawai.

Rubutu na kullum

Zaɓi lokaci ɗaya da ba ka kuskure shi, misali bayan sallar Asuba, ka riƙa duba tazarar a wannan lokacin kowace rana har kwana 10 zuwa 14. Ido yakan ruɗe idan yana kai-komo tsakanin fuska biyu, don haka dabarar da ta fi ita ce ka ajiye agogon kusa da allon da ke nuna sakan, ka ɗauki hotonsu tare da wata wayar, sannan ka karanta a natse. A kowane layi ka rubuta kwanan wata, da tazarar, da awa nawa ka ɗaura shi jiya, da yadda ka kwantar da shi da dare, da duk wani abu da ya bambanta da sauran ranaku, kamar doguwar tafiya a mota ko hawan doki. Kada ka sake saita shi a tsakiyar awon, kada kuma ka canza yadda ka saba amfani da shi.

Ga misalin agoguna biyu. Na farko ya ƙara sakan 8, sannan 8, 9, 8, 7, 8, 8. Na biyu ya ƙara 6, ya rage 5, ya ƙara 9, ya rage 7, ya ƙara 2, ya rage 6, ya ƙara 3. A ƙarshen mako na farko ya riga waya da sakan 56, na biyu kuwa da sakan 2 kacal, kuma duk wanda ya duba ranar bakwai kaɗai zai yabi na biyu. Amma na farko ne mai lafiya. Tafiyarsa ɗaya ce kullum, saitin gudun injinsa kawai yake buƙata, aikin da gwani zai gama cikin ɗan lokaci. Na biyu kuwa kurakuransa ne suka cinye juna bisa sa'a, kuma akwai abin da ke damunsa a ciki: ko mai ya bushe, ko wani bai ishe shi ba, ko wani abu ya goce. Kamar mudu ne a kasuwar hatsi: wanda kullum yake ɗara na gaskiya da tafi guda ana iya ciniki da shi tunda an san ƙarinsa, wanda yau ya ɗara gobe ya gaza kuwa ba a san inda za a kama shi ba. COSC ma da kanta tana auna wannan dabam, inda ta ƙayyade matsakaicin bambancin tafiya tsakanin kwana da kwana a sakan 2.

A ganina wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a duk jagorar, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa.

Idan adadin yana tsalle, fara zargin ƙarancin wani

Agogo mai wana kansa yana samun ƙarfi ne daga wani nauyi mai siffar rabin da'ira da ke juyawa idan hannu ya motsa. Dattijon da ke wuni a zaure yana karɓar gaisuwa, ko ma'aikacin da ke zaune a ofis daga safe zuwa la'asar, ba lallai motsinsa ya cika sifirin ba. Idan ƙarfi ya ragu, faɗin lilon zoben yana raguwa, tafiyar kuma ta rikice. Wani agogon ya yi sauri, wani ya ja baya. Injin ETA 2824 da ke cikin agoguna da yawa yana riƙe wani na kamar awa 38, Rolex 3235 kuma kamar awa 70, amma wannan daga cikakken wani ake ƙirgawa. Gwajin mai sauƙi ne: ka sake awon mako guda, kana ƙara masa wani da hannu kowace safiya. Idan adadin ya natsu, agogon lafiyarsa lau, zamanka ne ya yi yawa. Haka kuma ka wana shi ya cika, ka ajiye, ka ga awa nawa zai yi kafin ya tsaya. Idan ya gaza abin da takarda ta ce da nisa, lokacin sabis ya yi.

Kwanciyar dare

Nauyin ƙasa yana jan zoben lilo dabam idan agogon yana kwance da idan yana tsaye a gefensa. A kwance, fuska sama ko ƙasa, zoben yana juyawa a kan tsinin sandansa, gogayya kaɗan ce. A tsaye kuwa gefen sandan ne ke gogar mazauninsa, lilon ya ragu. Shi ya sa agoguna da yawa kan ɗan yi sauri a kwance su ɗan yi latti a tsaye, ko da yake kowane agogo da halinsa, sai ka gwada naka. Ka duba tazarar kafin ka kwanta da kuma da Asuba, dare biyu fuska sama, dare biyu fuska ƙasa, dare biyu maɓalli sama, dare biyu maɓalli ƙasa. Idan ka gano cewa yana ƙara sakan 3 a hannunka da rana amma yana rage 2 idan ya kwana maɓalli ƙasa, to ka samu hanyar gyara shi kyauta kowane dare ba tare da an taɓa murfinsa ba.

Maganaɗisu

Agogon da jiya yake daidai, yau kuma ya wayi gari yana gudun sakan 40 ko minti biyu a rana, kusan kullum maganaɗisu ne ya kama shi. Zagayen siririn sifirin ne ke mannewa da juna, tsawonsa mai aiki ya gajarce, zoben ya riƙa bugu da sauri. Abubuwan da ke jawo wannan suna kewaye da mu: lasifikar rediyon da ke kan durowar gefen gado, bayan wayar iPhone tun daga ta 12 da ke da zoben maganaɗisu, murfin kwamfutar hannu, maɓallin jakar mata, ƙofar firji, janareta, da manyan lasifikokin wurin biki. Ɗabi'ar cire agogo lokacin alwala a ɗora shi a kan waya, ko a zuba su aljihu ɗaya, tana cikin hanyoyin da suka fi kawo wannan matsala.

Ƙa'idar ISO 764 ta agogo mai jure maganaɗisu ta tsaya ne a kusan gaus 60, gaus kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Rolex Milgauss na 1956 an yi shi ya jure gaus 1,000, agogunan da suka ci gwajin METAS kuma 15,000, saboda sifirinsu na silikon ne ko wasu ƙarafan da maganaɗisu ba ya kamawa. Tsofaffin agoguna na gado su ne suka fi rauni a nan. Don ka tabbatar, ajiye kamfas mai allura, irin na duba alƙibla, a kan tebur har allurar ta natsu, sannan ka kawo agogon kusa da shi a hankali kana jujjuya shi. Idan allurar ta bi shi sosai, ka samu amsa. Maganin kuma wata 'yar na'ura ce mai cire maganaɗisu, aikin minti ɗaya, ba a ma buɗe agogon. Kada ka yarda a saita maka agogon da maganaɗisu ke jikinsa, domin ranar da ya sake shi zai koma yin latti mai yawa.

Zafin bazara, sanyin hunturu da ƙura

Ƙarfe yana buɗewa da zafi, sifiri kuma yana laushi, abin da kan sa agogo latti. Sanyi kuma akasin haka. An rage wannan sosai tun bayan binciken Charles Édouard Guillaume, wanda ya samu kyautar Nobel a 1920 saboda gaurayen ƙarafan da ba sa sauyawa da zafi, amma ba a kawar da shi gaba ɗaya ba. COSC ta yarda da sauyin sakan 0.6 a rana kan kowane digiri, wato tsakanin digiri 8 da 38 inji zai iya bambanta da sakan 18 kuma ya ci jarrabawa, ko da yake masu kyau ba sa kusantar wannan iyaka. A Katsina da Daura, inda rana kan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, dare kuma ya yi sanyi ƙwarai a Disamba da Janairu, awon bazara da na hunturu ba lallai su zo ɗaya ba. Yana da kyau ka yi awon sau biyu a shekara. Muddin agogon yana hannu, jikinka yana daidaita masa zafi. Haɗarin yana ga barinsa a gaban gilashin mota a rana, inda zafin ke tsinka man da ke cikinsa ya kuma gajiyar da robobin da ke tare ruwa da ƙura. A lokacin hunturu ka tabbata maɓallin wani a ɗaure yake koyaushe, kada kuma ka ja shi a waje ana iska.

Sai bugu. Katsina garin dawaki ne da folo tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Sarki Usman Nagogo, kuma dukan ƙwallo da sanda a guje na cikin abubuwan da agogo ya fi tsoro. Don 'yan folo ne ma kamfanin Jaeger-LeCoultre ya ƙera Reverso a 1931, mai juya fuska ciki, sai dai wannan gilashi yake karewa, bai hana inji girgiza ba. Ranar folo, ko sukuwar hawan Sallah, ko sara da gatari a gona, a bar mai tsada a gida. Agogon da ya faɗi a kan siminti sannan tafiyarsa ta sauya, a sake masa awo daga farko.

Lokacin zuwa wurin gwani

Idan ka kawar da ƙarancin wani da maganaɗisu, adadin kuma ya ci gaba da fita daga alkawarin kamfani, ko yana tsalle, ko agogon yana ƙara latti wata bayan wata, to sai gwani. Tafi da littafinka. Abu na farko da za ka tambaya shi ne ko yana da na'urar sauraron bugun agogo, wadda ke nuna abubuwa uku cikin 'yan mintuna: sakan nawa yake kaucewa a rana, faɗin lilon zoben, da rashin daidaito tsakanin bugun hagu da na dama. Agogo mai lafiya da cikakken wani, a kwance, lilonsa kan kasance tsakanin digiri 270 da 310, rashin daidaiton bugun kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ka nemi a gwada shi a kwance da a tsaye, a gabanka. Idan lilon ya faɗi ƙasa da 220 alhali an cika wani, saiti ba zai magance komai ba. Wanki da sabon mai yake so. Rolex yana ba da shawarar sabis kamar duk shekara 10, Omega duk shekara 5 zuwa 8, amma agogon da ke shan zafinmu da ƙurarmu bai kamata a kai shi ƙarshen wa'adin ba.

Masu gyaran agogo na kasuwanninmu sun iya aikinsu na batir da maɗauri da gilashi, wasunsu kuma sun ƙware a tsofaffin injina. Sai dai injinan Rolex da Patek Philippe ba su da ɗan hannun saiti da ake turawa gaba ko baya. Ƙananan nauyaya ne a jikin zoben lilo ake juyawa da maɓuɗi na musamman. Buɗe irin wannan agogo a teburin bakin hanya cikin hazon hunturu, ba tare da sabuwar roba da na'urar gwada shigar ruwa ba, kasada ce. Idan garanti bai ƙare ba, wanda shekara 5 ne a Rolex da Omega, buɗewar wani dabam tana iya soke shi, don haka ka duba jerin wuraren da kamfanin ya amince da su a shafinsa, ka haɗa da wata tafiya da za ka yi. Ka kuma sani cewa riƙe lokaci ba ya tabbatar da agogo na asali ne, domin jabu mai kyau ma yana iya tafiya daidai na wani lokaci. Wannan bincike ne dabam.

Idan za a saita, ka nemi a bar shi da ɗan sauri maimakon latti. Mai sauri gyaransa shi ne ka ja maɓalli, ka jira waya ta kamo shi, ka tura. Mai latti kuwa sai ka juya hannaye. Ka riƙa yin wannan a farkon kowane wata, da kuma daren da aka ga watan Ramadan, tunda minti biyu a lokacin sahur da buɗa-baki ba abin wasa ba ne. Idan gyaran ya haɗa da kwanan wata, kamar bayan watanni masu kwana 30, kada ka yi amfani da saurin canza kwana tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, domin a wannan lokacin haƙoran da ke juya kwanan sun riga sun kama aiki kuma suna iya karyewa. Ka fara kai hannayen ƙarfe 6, ka canza kwanan zuwa na jiya, sannan ka juya hannaye gaba har kwanan ya faɗa na yau, ta haka za ka san inda tsakar dare take, ka ci gaba zuwa lokacin da ake ciki.